Wasan Kwaikwayo na 'Yan Makaranta: Abin Yabo da Abin Gyara

Duk wanda ya yi makarantar kwana a arewacin Nijeriya ko kudancin Nijar ya san daren wasa. Ƙarshen zango ya zo, an gama jarrabawa, sai a jawo teburan ɗakin cin abinci a haɗa su wuri ɗaya su zama dandamali. A rataye zannuwan gado biyu a igiya su zama labule. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya liƙa gemun auduga, ya zura babbar rigar da ya aro wurin mai gadi, ya fito yana dogara sanda yana tari irin na tsofaffi, ɗakin kuwa ya ɓarke da sowa. Iyaye suna zaune a gaba bisa benci, ƙanne suna leƙe ta taga.

Mutane da yawa suna ɗaukan wannan abin raha ne kawai, wanda za a manta da shi kafin gari ya waye. Amma ya kamata mai karatu ya sani cewa a kan irin waɗannan tebura ne aka haifi rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa. Abin da ke da tarihi irin wannan ya isa a auna shi da gaske, a yaba inda ya yi kyau, a nuna inda ya kāsa. Ma'aunin kuwa ɗaya ne. Wasan makaranta yakan rayu sa'ad da aka bar yara su dubi garinsu da idonsu, su nuna abin da suka gani. Yakan mutu sa'ad da babba ya riga ya yanke hukunci, ya sa wa yara magana a baki domin su maimaita.

Tushe biyu

Tun kafin zuwan boko, Bahaushe ya ba yara izinin kwaikwayon manya. A watan azumi, daga wajen kwana goma, yara sukan bi gida gida da dare suna tashe, wannan ya zama tsoho mai gemu, wancan ya zama mai tallan magani. Bayan girbi samari da 'yan mata sukan yi kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai. A fada kuma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki suke kwaikwayon sarki da hakimansa, mai mulki ya ga halinsa a jikin wani. 'Yan kama su ma sukan shiga rigar malamai su juya karatu ya koma zancen tuwo da miya. Cikin dukan waɗannan, ƙarami yana faɗa wa babba gaskiya ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba, gama wasa ne.

Makarantar boko ta kawo wani abu dabam, wato wasan da aka rubuta a takarda, aka raba shi kashi kashi da fitowa fitowa, kowa ya haddace nasa. A shekarun 1930 aka buga littafin Dokta R. M. East mai suna Six Hausa Plays, inda ya ɗauki tatsuniyoyi da labarun gargajiya ya tsara su domin 'yan makaranta su yi. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda jigonsa tsabta ne da kiwon lafiya. Waɗannan littattafai sun yi aikinsu. Sun nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar wasa a rubuce, sun kuma ba malamai abin da za su miƙa wa ɗalibai. Amma dukansu daga sama suka sauko. Malami ne ya san darasin, yaro kuwa bakinsa kawai aka ara.

Tushe na biyu ya fito daga ɗalibai da kansu. Malam Aminu Kano, sa'ad da yake ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wadda ya gama a 1942, ya riƙa rubuta wasanni shi da abokansa suna yi. Sunayensu kaɗai sun isa shaida: Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, da Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, da Gundumi Fasa Ƙwanya. Yaron da ya tashi a Kano, ya ga yadda ake tauye mudu, ya ga yadda mai iko yake bi da talaka, shi ne ya ɗauko abin da ya gani ya ɗora bisa dandamali. Da ya zama malami a Makarantar Midil ta Bauci bai bar wannan hanya ba. Wanda ya san abin da Aminu Kano ya zama daga baya, da irin maganar da ya tsaya a kai har rasuwarsa a 1983, zai gane cewa a wasan makaranta ya fara koyon tsayawa gaban manya ya faɗi abin da ba sa son ji. Haka kuma Maitama Sule, wanda ya zama Ɗanmasanin Kano, ya shirya wasanni da ɗalibai sa'ad da yake koyarwa a Kano, ƙasa duka kuwa ta san irin bakin da ya yi.

Waɗannan tushe biyu suna nan har yau. Abin damuwa shi ne na farkon ya yi reshe ya rufe na biyun.

Darasin da aka sa wa riga

Wanda ya kalli wasannin makaranta guda biyar zai iya faɗin ƙarshen na shida tun ba a ɗaga labule ba. Yarinyar da ta ƙi jin maganar uwarta za ta dawo da ciki tana kuka. Yaron da ya bi miyagun abokai zai sha ƙwaya ya haukace. Wanda ya je wurin boka asirinsa zai tonu. Sa'an nan a minti biyar na ƙarshe mugu zai durƙusa ya tuba, wani ɗalibi kuma ya fito gaban labule ya bayyana wa jama'a darasin da suka koya, sai ka ce ba su da idanu.

Ba a ce waɗannan darussa ƙarya ne ba. Ƙwaya tana lalata samari, talla tana jefa 'yan mata cikin hatsari. Aibin yana ga yadda aka gina wasan. Mutanen da ke cikinsa ba mutane ba ne, alluna ne da aka rubuta wa suna: wannan Nagari, wancan Mugu. Ba a nuna abin da ya sa uwa ta ɗora wa 'yarta tire alhali ta san abin da ke kan hanya. Ba a nuna uban da albashinsa bai zo ba wata uku. Da yake ba a nuna dalili ba, ba wanda ya ga kansa a ciki. Kowane mai kallo yakan koma gida da tabbacin cewa da maƙwabcinsa ake.

Akwai wata alama da ke tona asirin irin wannan wasa. Kullum mugun ne yake da rai. Yaron da ya fito a mashayi ko ɗan daba shi ne yake da karin magana, shi ne ake tafa wa, gama malami bai damu ya rubuta masa komai ba, ya bar shi ya ɗauko maganarsa daga tasha da bakin kasuwa. Nagarin kuwa an cika masa baki da jimloli masu nauyi waɗanda ba mai faɗinsu a gida. A makarantun da ake wasan Kirsimati ma haka abin yake. Hirudus yakan cika ɗaki da tsawa da dariya, Yusufu da Maryamu kuwa suna tsaye kamar itace, alhali su ne suke da tsoro da gajiya da gudun hijira a labarin. In aka zo misalin ɓataccen ɗa, sai a kashe rabin lokaci a gidan shaye-shaye, a rufe labule a kan rungumar uba, a yar da babban wan. Amma a Luka sura 15 labarin ya ƙare ne da wan yana waje cikin fushi, uban yana lallashinsa, ba a kuwa faɗa ko ya shiga ba. Nan ne labarin yake cizo, domin yawancin waɗanda ke zaune bisa bencin gaba sun fi kama da wan. Wasan da ya yanke wannan wuri ya cire ƙashin bayan labarin.

Rubutattun wasannin Hausa masu kyau ba su bi wannan gajeriyar hanya ba. Uwar Gulma na Mohammed Sada, wanda tsara bayan tsara suka karanta a makaranta, ya nuna zaman Halima da mijinta Hayatu, da yadda rikicin gida yake jawo iyaye da maƙwabta har gaban alƙali. Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi su ma suna da gargaɗi, amma mutanensu suna magana irin ta zaure da tsakar gida. Shi ya sa suka daɗe.

Hamada a bisa teburan cin abinci

Misali mafi kyau na labarin da ya ƙi sauƙaƙa wa mai kallo shi ne Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi domin gasar da aka yi a 1933, yana malami a Bauci, aka buga shi a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo wanda aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Siffar labarin ta dace da makaranta ƙwarai, gama malami ne yake zaune a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari.

An sace Umar yana ƙarami, ya bi hannu hannu har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya rene shi kamar ɗansa, ya zama babban malami. In da nan labarin ya tsaya, da ya zama irin darasin da aka saba: mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma akwai uwar. Ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta a hanya, ta faɗa cikin bauta, ta bi ta Murzuk a ƙasar Fezzan har Tarabulus. Ta ga ɗanta a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Ba ta yi laifin komai ba, ba a kuma biya ta komai ba. Ɗalibin da ya tsaya bisa dandamali a matsayin wannan mace, da wanda ya fito a matsayin mai sayenta, sun koyi wani abu game da cinikin bayi wanda littafin tarihi ba zai koya musu ba.

Labarin kuwa bai tsufa ba. Murzuk tana kudu da Sabha, babban garin Fezzan a Libiya ta yau. Hanyar da ayari ya bi da raƙuma ita ce samari suka riƙa bi da motoci daga Agadas zuwa Sabha suna neman ƙetarawa Turai. A watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton shaidar baƙin haure waɗanda suka ce an sayar da su a Sabha kamar kaya, aka tsare su har danginsu su aiko da kuɗi. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, cikin masu kallon wasan makaranta akwai uwar da ɗanta ya bi wannan hanya. In ɗalibai suka yi Shaihu Umar a gabanta, ba ta bukatar wani ya fito gaban labule ya bayyana mata darasi.

A nan kuma ake gane cewa talaucin dandamalin makaranta ba cikas ba ne. Ba raƙumi, ba rairayi. Amma yara goma sha biyu a jere, igiya ɗaya a wuyansu, suna tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ganga tana bugawa ɗaya ɗaya, sun isa hamada. Guguwar da ta binne ayari a labarin, zane ɗaya da muryoyin yara a bayan labule sun isa su tashe ta. Abin da ido bai gani ba zuciyar mai kallo takan cika.

Waƙa da kiɗa

Wasan Bahaushe bai taɓa rabuwa da waƙa ba. Tashe waƙa ne, gaɗa waƙa ce, tatsuniya ma takan tsaya a tsakiya a rera. Saboda haka wasan makaranta mai waƙa ba baƙon abu ba ne a nan, ba kuwa ƙaramin abu ba ne a ko'ina. A Faransa, Jean Racine ya rubuta wasansa na Esta domin 'yan matan makarantar Saint-Cyr, suka yi shi da waƙoƙi a 1689 a gaban Sarki Luwi na 14. A Ingila, wasan nan na labarin Yusufu da rigarsa mai ado, Joseph and the Amazing Technicolor Dreamcoat, wanda Andrew Lloyd Webber da Tim Rice suka tsara, ƙungiyar mawaƙan makarantar Colet Court ta Landan ce ta fara yinsa a 1968, tsawonsa bai kai rabin sa'a ba. Daga baya ya zaga duniya. Manyan mawallafa ba su raina muryar 'yan makaranta ba.

Abin da ke raunana wannan fanni yanzu shi ne na'ura. Tun da finafinan Hausa na bidiyo suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, waƙar fim ta shiga kowane gida, daga kaset zuwa faifai zuwa wayar hannu. Sai ya zama a wasan makaranta, in an zo wurin waƙa, a kunna lasifika, yara su riƙa motsa baki suna rawar da suka gani a fim. Masu kallo sukan yi sowa domin sun san waƙar, amma ba muryar 'ya'yansu suka ji ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Yarinyar da ta rera baiti biyu da muryarta, ko da tana rawar murya, ƙawayenta suna amshi da tafi, ta fi wadda ta yi motsin baki minti goma. Makarantar da ke da ƙungiyar mawaƙa, ko da ganga ɗaya da kacau-kacau take da su, ba ta da hujjar miƙa wannan aiki ga lasifika. Ya kamata kuma waƙar ta fito daga cikin labarin, wato a rera ta a inda magana ta kāsa, kamar wurin rabuwar uwa da ɗa. In an liƙa ta ne domin a ba masu canja kaya lokaci, kowa yakan gane.

Hanyar da aka riga aka gwada

Mai karatu zai iya tambaya, to, yaya za a sa yara su kawo nasu? An riga an gwada, an kuma ga amfaninsa da iyakarsa. A makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, inda 'yan Nijar irin su Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu, a shekarun 1930 akan ba ɗalibai aikin hutu su rubuto al'adu da labarun garuruwansu, daga ciki kuma su tsara wasannin ƙarshen shekara. A can Bernard Dadié na Kodebuwa ya fara, har aka kai wasannin ɗaliban birnin Paris a 1937. Amma da yake Turawan mulki ne suke zaune a kujerun gaba, an zargi wasu daga cikin wasannin da nuna sarakunan Afirka yadda mai mulki yake so ya gan su. Darasin a fili yake: wanda ke zaune a bencin gaba yakan rubuta rabin wasan ko bai taɓa alƙalami ba.

A Zariya an ƙara matsawa gaba. Bayan da Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, aka gina dandalin wasa da ƙasa irin ginin gidan Bahaushe, ɗalibai suka riƙa fita cikin Samaru da ƙauyuka suna sauraron mutane, su dawo su gina wasa a kan abin da suka ji, su koma su yi shi a fili da Hausa. Wasan Manoma da aka yi a Soba a 1977 daga wannan hanya ya fito. Bayan wasa akan zauna da masu kallo a tattauna. Ba abin da zai hana makarantar sakandare yin haka gwargwadon ƙarfinta. A aiki yara su zauna wurin mai kayan miya, da layin famfo, da tashar mota, su saurara, su rubuto yadda mutane suke magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ba ya nufin a watsar da rubutattun wasanni. Abin takaici ne ma yadda suka koma kayan jarrabawa, ɗalibi ya haddace jigo da sunayen taurari bai taɓa jin maganar a bakin mutum ba. Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare a 1971, an yi shi ne domin a gani. Makarantar maza zalla ma ba ta da abin jin kunya in yaro ya ɗaura zane, gama a zamanin Shakespeare yara maza ne suke fitowa a mata.

Kammalawa

Aikin malamin wasa yana da wuya, yawanci kuma ba a biyansa komai a kai. Shi ne yake tsayawa bayan tashi, shi ne yake aron riguna, shi ne shugaban makaranta zai kira in wani babban baƙo ya ji an taɓa shi. Ba mamaki in ya zaɓi wasan da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Amma farashin wannan zaɓi yara ne suke biya. Sukan koyi cewa magana a gaban jama'a ita ce faɗin abin da manya suka riga suka yarda da shi. Al'ummar da ta koya wa 'ya'yanta haka za ta nemi mai faɗa mata gaskiya wata rana ta rasa.

Saboda haka nauyin yana kan masu zama a bencin gaba, wato iyaye da shugabannin makaranta da dattawan gari. In yaro mai gemun auduga ya fito ya kwaikwayi yadda ake karɓar kuɗi a shingen hanya, ko yadda ake raba gādo a hana gwauruwa, ko yadda ake saye da sayar da amsar jarrabawa, kada a aika a rufe labule. Sarkin da aka yi wa wasan gauta yakan zauna ya kalla har ƙarshe. Abin da ya kamata a tambayi yaron bayan an tashi shi ne a ina ya gani.